Faifai da Isnadi: Nazari a kan Rangadin Tsofaffin Makaɗa, da Misalin Osibisa

Wata al'ada ta kafu a tsakanin makaɗan Turawa tun wajen shekarar 2000, wadda ta cancanci mai nazari ya tsaya a kanta, ita ce tsohuwar ƙungiyar kiɗan rok, bayan furfura ta game kawunan mutanenta, ta ɗauko wani faifai da ta yi tun zamanin ƙuruciya, ta shiga rangadin birane tana kaɗa shi daga waƙar farko har ta ƙarshe, bisa tsarin da aka jera su ranar da ya fito. Brian Wilson ya yi haka da Pet Sounds na 1966 lokacin da faifan ya cika shekara 50, Roger Waters ya zagaya duniya da The Wall daga 2010 zuwa 2013, U2 kuma suka fita da The Joshua Tree a 2017, shekara 30 bayan fitowarsa. Sababin abin ba ɓoyayye ba ne, domin tun da intanet ta karya kasuwar faifai abincin makaɗi ya koma dandali, kuma masu kuɗin sayen tikiti mai tsada su ne samarin jiya waɗanda suka zama dattawan yau, suna neman a sayar musu da ƙuruciyarsu ko da na dare ɗaya ne.

Wannan bayani gaskiya ne, amma bai ƙoshar ba. Mas'alar da ta fi damuna ita ce, mene ne ainihin abin da ake rayawa a irin wannan taro, kuma wa ke da izinin raya shi idan waɗanda suka ƙaga shi sun ƙare? Misalin da ya fi kusa da mu, mu mazauna zangunan birnin Accra, wanda kakanninmu fataken goro ke kira Ankara, shi ne ƙungiyar Osibisa.

A Landan aka kafa ta a 1969. Mutum uku ne 'yan Gana a cikinta: Teddy Osei mai busa saksafon, da ƙanensa Mac Tontoh mai busa kakakin Turawa, dukansu haifaffun Kumasi, da Sol Amarfio mai ganguna. Tare da su akwai Lasisi Amao daga Nijeriya, da mutum uku daga tsibiran Karebiyan, wato Wendell Richardson na Antigua, da Robert Bailey na Trinidad, da Spartacus R na Grenada. A cikin shekara guda, 1971, suka fitar da faifai biyu, na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar, na biyu Woyaya, dukansu a hannun Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie. Kuma waɗannan biyun, tare da waƙar Sunshine Day da ta biyo baya, su ne jarin da ƙungiyar ta yi ta juyawa a dandalin Turai da Indiya da Afirka har tsawon rabin ƙarni, duk da cewa ta ci gaba da fitar da sababbi.

Na fara riƙe Woyaya da hannuna a Zongo Lane, layin nan da duk mai neman kayan gyaran rediyo a Ankara yake ƙarewa a cikinsa, a rumfar wani dattijo mai gyara wanda teburinsa ke cike da matattun lasifikoki da ƙullin wayoyi. Daga ƙarƙashin teburin ya zaro shi, kwalin ya yi laushi kamar tsohon ƙyalle, amma giwar nan mai fikafikai da Roger Dean ya zana tana nan ba ta kode ba. Ya hure ƙura, ya goge faifan da hannun rigarsa, ya ɗora allura. Ana cikin tafiya sai allurar ta yi tsalle a wani tabo, kiɗan ya haɗiye kamar daƙiƙa biyu, shi kuwa dattijon bai ko ɗaga kai daga rediyon da yake wa dalma ba, bakinsa ya bi tsallen daidai, ya sauka inda allurar ta sauka. Na ce, "Baba, ai nan wurin ya lalace." Ya ce, "Ɗana, ni haka na san ta. Da za ka kawo mini wadda ba ta tsalle, sai in ce ba ita ba ce."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin ta tona asirin abin da faifai ya yi wa kunne. Kafin zuwan garmaho, waƙa ba ta da jiki guda tabbatacce, tana tare da mai ita, tana tsawo tana gajarta gwargwadon taro da kyauta da nishaɗin dare. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi ta rera Bakandamiyarsa shekara da shekaru, yau ya ƙara wannan gobe ya rage wancan, ba a kuwa taɓa jin wani Bahaushe ya ce Shata ya yi kuskure a waƙar Shata ba. Amma faifai, wanda kowane gefensa ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da 'yan kai, ya kama rera guda daga cikin dubu, ya daskarar da ita, ya maimaita ta a kunnen mai saurare har ta zama ita ce matani, duk wata rera kuma ta koma sharhi ko tahrifi. To, ga tsohon makaɗi ya hau dandali yana ɗan shekara saba'in, numfashinsa ya ragu, fahimtarsa ta ƙaru, sai ya tarar jama'a sun zo da matani a haddace, suna auna shi da saurayin da ya kasance, har suna iya cewa ya saɓa wa kansa.

A nan ina neman aron ma'auni daga malaman hadisi, tare da neman afuwa, domin misali ne kurum na hanyar ɗaukar ilimi, ba daidaita abu mai tsarki da abin wasa ba; hukuncin kiɗa kansa kuwa, wanda Imamu Gazali ya keɓe wa babi a cikin Ihya'u kuma malamai suka yi saɓani a kansa, na bar wa ma'abotansa. Malaman nan sun bambanta riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana, suka ce ta biyun ba ta halatta sai ga wanda ya san harshen da maƙasudin magana sani na haƙiƙa. Sun kuma jera hanyoyin karɓar ilimi daraja-daraja, suka sa ji daga bakin malami a sama, suka sa wijada, wato mutum ya tsinci littafi ya karanta ba tare da ya zauna gaban mai shi ba, a can ƙasa. Wanda ya koyi Woyaya daga faifai kaɗai, kome ƙwarewarsa, mai wijada ne: zai iya kawo kowane bugu a muhallinsa, har da tsallen allurar dattijona in ya ga dama, amma ba zai san dalilin da ya sa Amarfio ya jinkirta hannu a wani wuri ba, ko abin da masu busa ke yi idan taro ya yi sanyi. Wanda kuwa ya yi shekara goma a bayan Teddy Osei yana ɗaukar kaya, yana shan faɗa a wurin gwaji, shi ne mai ijaza, wato izinin malami, kuma shi ke da ikon ya canja ba tare da ya ɓata ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, rangadin tunawa da faifai yana da ƙima gwargwadon isnadin da ke tsaye a dandali. Idan tsoho yana gaba, matasa suna bayansa suna karɓa, taron ya zama kamar majalisar sauka, inda jama'a ke shaida cewa abu ya wuce daga hannu zuwa hannu. Idan kuwa abin da ya rage suna ne da tambarin giwa, da ma'aikatan haya masu kwaikwayon faifai harafi da harafi, to gara mutum ya zauna gida ya ɗora allura, zai fi samun asali kuma kuɗinsa na aljihunsa.

Akwai kuma abin da faifai ba ya ɗauka ko kaɗan, shi ne halin da masu saurare suke ciki ran da suka fara ji. A shekarar da aka kafa Osibisa, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana, aka kwashi mutane fiye da dubu ɗari, da yawansu daga zanguna, wasu an haife su a nan ba su san wata ƙasa ba. Gidaje a unguwannin Nima da Sabon Zongo suka wayi gari rabinsu babu kowa. Shekara biyu bayan haka sai ga faifan Woyaya daga Landan, wanda Bayarabe da 'yan Kumasi da jikokin bayin da aka tsallaka da su teku suka haɗu suka yi, sunansa kuma kalma ce ta harshen Ga mai nuni da tafiyar jama'a tare. Baturen da ya saye shi a Ingila ya ji nishaɗi da zafin ganga. Ban yi tsammanin abin da mutumin zango ya ji ke nan ba, alhali ƙanwarsa tana Legas ko Kano ba wasiƙa. Wannan ma wani isnadi ne, na masu ji, kuma shi ma yana ƙarewa da ƙarewar mutanensa.

Mai jayayya zai ce, ai Turawa ma suna mutuwa, me ya sa nasu rangadin ke ci gaba namu yake wuya? Amsar tana cikin tarihinmu na kusa. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, kayan kiɗa suka yi tsada saboda haraji, makaɗa suka watse, wasu Jamus, wasu Nijeriya, wasu cikin coci-coci. Yaron da ya tashi a Nima a shekarun 1990 bai tarar da ƙungiya mai masu busa da zai zauna a bayanta ba, sai ya tarar da kaset da na'ura; daga nan kiɗan hiplife ya fito, kuma mawaƙan VIP, 'ya'yan Nima, suka cika ƙasa da waƙarsu Ahomka Womu a 2003. Ban raina abin da suka yi ba, hasali ma sun sa Hausar zango a bakin waɗanda ba su taɓa taka Nima ba. Sai dai silsilar hannu da hannu ta tsinke a tsakani, kuma Mac Tontoh, da ya komo gida ya tara matasa masu kiɗan kete yana koya musu, ɗinkin wannan tsinkewar yake yi.

Shi Mac Tontoh ya rasu a 2010, shekarar da Spartacus R ma ya rasu. Sol Amarfio ya bi su a Disamba 2022, Teddy Osei kuma a Landan cikin Janairu 2025, bayan ya daɗe rashin lafiya ta hana shi tsayuwa a dandali. Ukun da suka tashi daga Gana duk sun tafi. Da labarin na ƙarshen ya iso, na koma Zongo Lane don in yi wa dattijona ta'aziyya, tun da ban san wani wanda ya fi shi cancantar karɓarta ba. Na tarar da jikansa a rumfar yana canja gilashin wayar hannu, ya ce tsohon yana gida, ƙafa ta hana shi fitowa. Faifan yana nan ƙarƙashin tebur, in ji shi, amma allurar ta karye tun bara, kuma duk faɗin layin nan, mai shaguna fiye da yadda mutum zai ƙirga, ya nema bai samu irinta ba.