Zangunan da ke Kan Dutsen Kamaru

Duk wanda ya tashi a Buea, ko Tiko, ko Limbe, ya san dutsen nan tun kafin ya san sunansa. Da safe yakan fito sarai, kafin hantsi gajimare ya lulluɓe shi. Mu Hausawan wannan yanki mun daɗe a gindinsa, muna ciniki, muna aurarwa, muna binne mamatanmu, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa kwana a kansa. Alhali kuwa masaukan da ke bisansa suna ɗauke da tarihin ƙasar da ta karɓi kakanninmu.

Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, babu kamarsa a wannan sashe na Afirka, kuma har yau yana aman wuta. Masu shi na asali su ne Bakweri, waɗanda ke kiran ƙololuwarsa Fako. A al'adarsu akwai mai tsaron dutsen, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse. Sukan ce ya yarda baƙo ya sha raken da ke gonarsa har ya ƙoshi, amma kada ya sauko da ko gaɓa ɗaya. Tun kafin gwamnati ta rubuta dokar kare daji, ga tasu nan.

A ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862 Richard Burton, ɗan Ingila, da Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai, suka hau dutsen. Babbar matsalarsu ita ce ruwa, domin ƙonannen dutse yakan tsotse ruwan sama nan take, ko da yake Debundscha da ke gefen teku tana samun kusan milimita 10,000 a shekara. Idon ruwan da suka yada zango a kansa shi ne har yau ake kira da sunan Mann. Littattafai sun riƙe sunayen Turawan, su da Mary Kingsley da ta hau a 1895. Waɗanda suka nuna hanya suka ɗauki kaya kuwa, galibinsu sunayensu sun ɓace.

Sha'awar dutsen ba ta tsaya ga yawon buɗe ido ba. Jamusawa sun ga sanyin Buea da ƙarancin sauro, sun ga kuma ƙasa mai albarka. A 1891 Bakweri, ƙarƙashin Kuva Likenye, suka fatattaki rundunarsu, har jagoranta Gravenreuth ya mutu a fagen fama. A 1894 Jamusawa suka dawo suka ci garin, sannan suka raba filayen Bakweri ga kamfanonin manyan gonaki. A 1901 Buea ta zama hedikwatar mulkinsu, Gwamna von Puttkamer ya gina fadar da ke tsaye har yanzu. A zamanin nan ne aka fara kafa bukkokin kwana a kan hanyar hawa. Da dutsen ya yi aman wuta a 1909, sai da masu mulkin suka kwashe zuwa Duwala na ɗan lokaci. Garuruwan da suka bunƙasa saboda gonakin nan su ne suka jawo fatake da mahauta daga arewa, cikinsu har da namu. Ashe abincinmu ma yana da alaƙa da asarar da masu gida suka yi, kuma ya kamata mu san haka.

Wanda ya bi hanyar Buea a yau zai tarar da zango uku. Na farko yana cikin kurmi, kusa da inda itatuwa ke ƙarewa. Na biyu yana cikin ciyayi da baƙaƙen duwatsu, a wajen mita 2,800, nan ne yawancin matafiya ke kwana, kuma yanzu akwai ɗakuna na zamani a wurin. Na uku yana dab da ƙololuwa, inda iska ke kaɗawa, sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Masu son doguwar hanya kan sauko ta idon ruwan Mann, su wuce ramukan da wutar 1999 ta ɓarke, wadda narkakken dutsenta ya gangara har ya datse titi kusa da Bakingili. Tafiyar kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, da rani aka fi yinta.

Wannan hanyar ce 'yan tsere ke cinyewa cikin sa'o'i kaɗan. An fara gasar a 1973, ana tashi daga Buea a kai ƙololuwa a dawo. Sarah Etonge ta lashe ta sau bakwai, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse. A 2009 gwamnati ta mayar da kimanin hekta 58,000 gandun daji na ƙasa, domin kare giwayen kurmi da tsuntsayen da ba a samunsu ko'ina sai nan. Yanzu ba a hawa sai da ɗan jagora da 'yan dako daga ƙauyukan gindin dutsen, kuma da wannan kuɗi gidaje da dama ke cin abinci. Rikicin da ya dabaibaye yankunan masu magana da Ingilishi tun 2016 ya rage baƙi ƙwarai, ya taɓa aljihun waɗannan bayin Allah kamar yadda ya taɓa kasuwanninmu.

Mu jikokin fatake ne, mun san darajar zango da haƙƙin mai masauki. Magabata sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan hankali ya kwanta, hanya ta yi kyau, ya dace matasanmu su haɗa kai su hau, da rigar sanyi da guzuri da ruwan alwala. Su biya ɗan jagora haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, su tambayi sunansa su riƙe, su sauko da sharar da suka tara, su bar wa dutsen abin da yake nasa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.