Yadda Mai Biyan Albashi Ya Zama Mai Karɓar Haraji

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikaci a Birtaniya da kansa yake biyan harajinsa a dunƙule, sau ɗaya ko biyu a shekara. Da yaƙi ya cinye baitulmali, sai haraji ya hau kan miliyoyin leburori masu albashin mako. Wanda kuɗinsa ke ƙarewa kafin mako ya zagayo ba zai iya tara na wata shida ba, don haka bashi ya yi ta taruwa.

Mafitar ita ce a cire harajin tun albashi bai shiga hannu ba. Ministan kuɗi Kingsley Wood ya rasu ranar 21 ga Satumba 1943, ranar da zai gabatar wa majalisa tsarin, amma PAYE ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu 1944.

Nijeriya ta gaji wannan tsari. A ƙarƙashin dokar harajin 1993, wadda ta yi aiki har ƙarshen 2025, mai biyan albashi ne yake cire kuɗin ya miƙa wa hukumar haraji zuwa 10 ga watan da ke biye, ya kuma kai bayanan shekara kafin Janairu ya fita. Abin da ya cire amana ne a hannunsa. Idan ya riƙe, shi hukuma za ta ci tara.