Ƙanat

Ƙanat (da Larabci: قناة, da Farisanci: کاریز) wata tsohuwar dabara ce ta fito da ruwan ƙarƙashin ƙasa zuwa sarari ba tare da guga ko inji ba. Ana haƙa dogon rami a kwance daga inda ruwa yake kwance a gindin tsauni, a ba shi 'yar gangara kaɗan, sai ruwan ya riƙa gudu da kansa har ya ɓullo a gona ko cikin gari. An fi sanin wannan fasaha a ƙasar Iran, amma akwai ta a Afganistan, Oman, yammacin ƙasar Sin, Arewacin Afirka da Sifaniya. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya ƙanat guda 11 na Iran cikin jerin kayan tarihi na duniya, bayan ta sanya falaj guda biyar na Oman a 2006. Har yau masana ba su daidaita a kan wurin da aka fara ta da lokacin da aka fara ba.

Sunaye

A Larabci kalmar ƙanat tana nufin kara ko sandar mashi, daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa magudanar ruwa, kuma da ita Larabawan yau suke kiran tashar talabijin. Tana da dangantaka da kalmar ƙanu ta harshen Akkadiyanci, wadda ita ma kara take nufi. A gabashin Iran da Afganistan da Turfan ta ƙasar Sin ana cewa kariz ko karez. Mutanen Oman suna cewa falaj, daga tushen da ke nufin rabawa, wato sun raɗa sunan ne daga yadda ake rabon ruwan. A Aljeriya da Libiya sunanta foggara, a Maroko kuwa khettara. Yawan sunayen nan bai taimaka wa masu neman asalinta ba, domin suna ɗaya yakan haɗa abubuwa mabambanta. Falaj a Oman, alal misali, har magudanar da ta ɗebo ruwa daga rafi ko marmaro tana ɗauke da wannan suna.

Yadda ake haƙa ta

Aikin yana farawa da uwar rijiya, wadda ake haƙawa a gindin tsauni har a cimma ruwa. Daga nan gwanin aikin, wanda a Iran ake kira muƙanni, zai auna inda bakin ramin zai ɓullo a can ƙasa. Daga wannan bakin ake fara haƙa ana nufo uwar rijiyar, saboda idan aka faro daga sama ruwa zai cika ramin ya kori ma'aikata. Kowace tazarar mita 20 zuwa 50 ana huda wata rijiya a tsaye, ta nan ake fitar da ƙasa da wasaki, ta nan kuma iska ke shiga. Ƙasar da aka fitar ana jibge ta a kewayen bakin kowace rijiya don hana ambaliya shiga, shi ya sa daga sama ƙanat take kama da jerin gidajen tururuwa a miƙe.

Abin da ya fi wuya shi ne gangarar. Yawanci ba ta wuce faɗuwar mita ɗaya a cikin mita 1,000 zuwa 1,500 ba. In ta yi yawa ruwan zai zaizaye ramin ya rufta, in ta yi kaɗan ya kwanta ya tara laka. Masu haƙa suna aiki a durƙushe da fitilar mai, wadda suke daidaita miƙewar ramin da ita, kuma idan harshenta ya fara dushewa sun san iska ta ɓaci. Inda ƙasa ba ta da ƙarfi sai a jera zobba na gasasshen yumɓu su tallafe ramin. Ƙanat ta Gonabad a gabashin Iran tana da uwar rijiya mai zurfin kusan mita 300 da tsawon kimanin kilomita 33, ta Zarch kusa da Yazd kuwa ta haura kilomita 70.

Rabon ruwa

Da wuya mutum ɗaya ya mallaki ƙanat, don haka rabonta ya haifar da dokoki da muƙamai. A Iran da lokaci ake rabo. A da, mai kula da ruwa yakan ɗora ƙaramar tasa mai huda a kan ruwa, kowane nutsewarta awo ɗaya ne. Sunan tasar fenjan, kalmar da ta iso Hausa ta hanyar Larabci a matsayin finjali. A dausayoyin Aljeriya da yawan ruwa ake rabo. Ana gina wani dutse mai haƙora kamar mataji a bakin magudanar, ana ce masa kasriya, kowace kafa tana kai ruwa lambun mai rabo gwargwadon haƙƙinsa.

Muhawara kan asalinta

Tsohon ra'ayi shi ne Farisa ce mahaifar ƙanat, kuma daular Akaminiyawa ce ta yaɗa ta. Hujjarsa ta farko rubutun Polibiyus ne, marubucin tarihi Bagirke na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya ambaci magudanan ƙarƙashin ƙasa a Farisa, ya ce sarakuna suna bar wa duk wanda ya kawo ruwa busasshiyar ƙasa ya ci amfaninta har zuriya biyar. Ta biyu labarin yaƙin Sargon na II, sarkin Assuriya, da ƙasar Urartu a shekara ta 714 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda aka kwatanta ayyukan ruwa na garin Ulhu. A 1951 wani masani ɗan Denmak, Jørgen Laessøe, ya fassara wannan nassi da cewa ƙanat ake nufi. Paul Ward English a 1968 da Henri Goblot a littafinsa na 1979 sun gina a kan haka, Goblot har ya ce masu haƙar ma'adinai ne suka gano dabarar wajen ƙoƙarin janye ruwa daga ramukansu.

Daga baya masu nazarin rubutun Assuriya sun sake karanta nassin Ulhu, da yawansu suka ce magudanan fili ne kawai yake kwatantawa. Sannan Walid al-Tikriti ya tono falaj a yankin Al Ain na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya danganta su da wajen shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato sun girmi Akaminiyawa da ƙarnoni. Rémy Boucharlat, Bafaranshe mai tonon kayan tarihi, ya nuna cewa ya kamata a bambanta ramukan da ke tatsar ruwa mara zurfi a ƙarƙashin rafi da masu kai wa ruwa mai zurfi, kuma mai yiwuwa an ƙirƙiro dabarar a wuri fiye da ɗaya.

Tushen matsalar shi ne ƙanat ba ta da sauƙin sanya wa shekaru. Rami ne da ake yasa kowace shekara, duk abin da magabata suka bari na baya sun kwashe. Shi ya sa wurin Ain Manawir a dausayin Kharga na Masar yake da daraja. A can masu bincike na Faransa sun sami tsingaro masu ɗauke da rubutun yarjejeniyar cinikin ruwa na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kwanan watansu, kusa da ramukan. A yanzu ana gwada yashin da aka jibge a bakin rijiyoyin don gano lokacin da ya rabu da hasken rana, ana kuma duba tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Amurka da aka saki a 1995 don gano layukan da gine-gine suka binne. Rubutu mafi cika kan sana'ar kanta shi ne Inbat al-Miyah al-Khafiyya na al-Karaji, masanin lissafi na farkon ƙarni na 11, wanda ya yi bayanin neman ruwa da awon gangara da hurumin kowace ƙanat a shari'a.

A hamadar Sahara

A Fezzan ta kudancin Libiya, Garamantiyawa sun dogara da foggara wajen noma a Wadi al-Ajal, inda babban birninsu Jarma yake. Binciken da David Mattingly na Jami'ar Leicester ya jagoranta daga 1997 ya lissafa fiye da 500. Ruwan da suke tatsa tsoho ne da ya taru tun Sahara na da damina, ba ya samun mayewa, kuma ana ganin ja da bayansa yana cikin dalilan durƙushewar daular. Dausayoyin Tuwat da Gurara da Tidikelt a Aljeriya har yanzu suna shayar da dabino da foggara. Waɗannan wurare zangon ayarin fatake ne masu zuwa ƙasar Hausa da Barno, kuma a Tamantit ta Tuwat ne Shehu al-Maghili ya zauna kafin ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Yawancin aikin haƙa da yasa a can bayi ne da zuriyarsu suka yi shi.

Halin da ake ciki

A 1968 H. E. Wulff ya ƙiyasta ƙanat kimanin 22,000 a Iran. Tun daga wancan lokaci da yawa sun ƙafe. Ƙanat ba ta iya ɗibar fiye da abin da ya kai bakin raminta, amma rijiyar burtsatse mai inji tana zuƙo ruwa daga ƙasa da haka, kuma da zarar ruwan ya sauka ƙasa da ramin, ƙanat ta mutu ko da gininta lafiya lau yake. Sauyin dokar mallakar gonaki da aka fara a Iran a 1962 ya raba manyan gonaki, ya bar ramuka da yawa ba mai ɗaukar nauyin yasarsu. Girgizar ƙasar Bam ta 2003 ma ta rufta da wasu. A birnin Yazd akwai cibiyar bincike kan ƙanat a ƙarƙashin inuwar UNESCO, wadda ke tattara ilimin tsofaffin masu haƙa tana horar da sababbi.