Tarihin Jinya da Kyamara

Jinya da kyamara ita ce amfani da ɗaukar hoto domin jure wa ciwo mai tsanani, ko tsufa, ko kusantowar ajali. Al'adar ta girmi sunanta nesa ba kusa ba. Tun da fasahar Louis Daguerre ta bayyana a Faransa a 1839, iyalai a Turai da Amurka suka riƙa ɗaukar hoton mamaci kafin a binne shi, musamman jarirai, don sau da yawa shi ne kaɗai hoton yaron da za a taɓa mallaka.

A Ingila, likita Hugh Welch Diamond ya ɗauki hotunan mata masu taɓin hankali a asibitin gundumar Surrey, kuma a 1856 ya gabatar wa Royal Society takarda yana cewa nuna wa majinyaci hotonsa na iya taimaka masa. Amma kyamarar tana hannun likita, matan kuwa abin kallo ne kawai. Ko da Richard Avedon ya bi mahaifinsa da kyamara daga 1969 har rasuwarsa a 1973, mai lafiya ne ke kallon marar lafiya.

Wadda ta juya lamarin ita ce Jo Spence, 'yar Birtaniya, wadda aka gano tana da kansar mama a 1982. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda asibiti ke yanke hukunci a kan jikinta ba tare da jin ta bakinta ba. Sai ta rubuta tambaya a kan nonon, ko mallakarta ne, aka ɗauke ta hoto a haka. Ta ƙi yarda a cire shi baki ɗaya, ta amince a cire ƙullutun kawai, sannan ta koma ga maganin gargajiya na Sin. Wannan zaɓi nata abin a yi gardama ne, hotunan kuwa ba mai musun ƙarfinsu. Daga 1983 ita da Rosy Martin suka ƙirƙiro wata hanya ta karɓa-karɓa: ɗaya ta sa kayan mahaifiyarta ko na ƙuruciyarta ta sake kwaikwayon abin da ya taɓa cutar da ita, ɗayar na ɗauka tana saurare. Da kansar jini ta kama Spence, ta shiga aikinta na ƙarshe, The Final Project, cike da kwarangwal da fuskokin roba, har ta rasu a 1992.

A Amurka, Hannah Wilke ta sa mijinta Donald Goddard ya riƙa ɗaukarta hoto, gashi ya zube, jiki ya kumbura, kafin cutar kansa ta yi ajalinta a 1993. Zamanin ƙanjamau kuma ya taso da rigimar izini da riba. Hoton da Therese Frare ta ɗauka na David Kirby a gadon mutuwarsa ya fito a mujallar Life a 1990, sannan kamfanin tufafi na Benetton ya yi talla da shi a 1992. An yi ta Allah wadai, alhali iyalan Kirby da kansu suka ba da izinin.