Daga Jirgin Ruwa Zuwa Tashar Gusau: Tarihin Hana Shiga Da Giya

  Shirinmu na yau zai fara daga teku, amma a gida zai ƙare.

Akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin na kamfanonin Carnival da Royal Caribbean, masu ɗaukar dubban mutane su yi kwanaki a kan teku. A bakin ƙofa ana binciken jakar kowa. In an ga barasa mai ƙarfi, a karɓe. Abin da aka fi bari shi ne kwalba ɗaya ta giyar inabi ga kowane baligi. Wanda ya ji haka zai ce, kai, Turawan nan sun fara tuba. Ina! Yana shiga ciki zai tarar da mashaya da yawa. An hana shi shiga da tasa ne don ya sayi tasu da tsada. To ku riƙe wannan, domin Arewa ta taɓa zama kamar jirgin nan.

A ƙarni na 19, jiragen Turawa daga Hamburg da Rotterdam suna sauke akwatunan barasa mai arha a Legas da sauran garuruwan bakin teku. Ta yi yawa har a wasu kasuwannin Kudu ana ciniki da kwalbarta kamar kuɗi. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels, suka amince kada a shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, ko don addini ko don wani dalili. Ƙasar Hausa ta faɗa cikin wannan layi. Da Lugard ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, ya ci gaba da hanin.

Sai dai hanin yana da ƙofar baya. Bature yana da izinin shigo da tasa ya sha a bariki. Sannan harajin barasar da ake sayarwa a Kudu yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Farko, ita kuwa Arewa kuɗinta ba ya isarta. Haɗewar 1914 ta zuba kuɗin a asusu ɗaya. Wato an hana mu kwalbar, amma kuɗinta ya shigo.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo ya isa Kano a 1911, daga baya reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga zuwa Kudu ba ya dawowa wayam. Fasinjoji da ma'aikata sukan ɓoye kwalabe cikin kaya, kamar yadda fasinjan jirgin ruwa ke yi yau. Dokar giya ta 1917 ta raba ƙasar kashi-kashi, inda aka hana gaba ɗaya da inda ake sayarwa da lasisi, kuma unguwannin Sabon Gari suka zama wurin da mai nema ya san zai samu. Ga kuma burkutun da Maguzawa ke dafawa da dawa tun kafin zuwan Bature, wadda ba ta buƙatar jirgi ko kaɗan.

Yanzu mu dawo zamaninmu. Ranar 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki 27 ga Janairu 2000. Aka rufe gidajen giya. Wannan karon dalilin addini ne, kuma jama'a ne suka cika fili suna kabbara, ba Bature ya ɗora musu ba. Duk da haka ƙofar baya ba ta rufu ba. Dokar jiha ba ta da ƙarfi a cikin barikin soja, domin na tarayya ne. Harajin VAT da ake karɓa a kan giya a Legas kuma ana raba shi har da jihohin da suka hana ta, muhawarar da ta yi zafi a 2021 lokacin da Ribas da Legas suka nemi su riƙa karɓar nasu.

Abin da ya fi damuna shi ne, yayin da muke gadin kwalba, maye ya canja kaya. Ya koma maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a Mayun 2018 bayan binciken BBC, ya koma taramol da sholisho. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Ƙwaya ba ta ƙara a cikin jaka, ba ta wari a shingen bincike. Kuma duk wanda ya san halin da ƙauyukan Tsafe ke ciki ya san ba abinci da man fetur kaɗai ake kai wa 'yan bindiga daji ba.

Darasin shekaru 130 ɗin nan a bayyane yake. Duk lokacin da aka ce an hana, mu tambaya: wa aka hana, wa aka ƙyale, wa ke cin riba? Mai gadin ƙofa yana da amfani, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Mu matasa mu tambayi kansilolinmu da 'yan majalisarmu: ina wurin jinyar masu shaye-shaye mafi kusa da Bilbis, gado nawa ne a ciki, kuma nawa aka ware masa a kasafin bana?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba Zamfara lafiya.