Wasiƙar Da Ba Ta Isa Ba

A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika rumfunan Kasuwar Sabon Gari, da yawansu wasiƙa ce ginshiƙinsu. Saurayi ya rubuta daga Fagge, ƙanwa ta ɗauka, uwa ta kama, shi ke nan aure ya watse. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai wannan dabara ta mutu, don mai karatu zai tambaya: me ya hana shi kiranta? Amma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, bai tsufa ba, saboda an gina shi ne a kan wayo da kwaɗayin ɗan Adam. Don haka, 'yan'uwa marubuta, mu ɗora ƙullin labari a kan hali, gama hali zanen dutse ne.