Ilaria Capua: Likitar dabbobin da ta tantance murar tsuntsaye ta Najeriya

A ranar 8 ga watan Fabrairun 2006 aka ba da sanarwar ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, a jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da cutar a nahiyar Afirka.

Wani ɗakin bincike da ke kusa da birnin Padua, a arewacin Italiya, shi ne ya gwada samfurin da aka aika daga Najeriya. Shugabar sashen da ya yi gwajin ita ce Dokta Ilaria Capua, kuma shawarar da ta yanke game da sakamakon ta taimaka wajen sauya yadda masana ke musayar bayanai kan cututtuka masu yaɗuwa.

Wace ce ita?

An haifi Ilaria Capua a birnin Rum a shekarar 1966. Ta kammala karatun likitan dabbobi a Jami'ar Perugia a 1989, daga nan ta ƙware a kan ƙwayoyin cuta na bairos, musamman masu kama kaji da sauran tsuntsaye.

Cibiyar da ta yi wa aiki a Padua tana cikin ɗakunan binciken da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su wajen tantance murar tsuntsaye. Shi ya sa ƙasashen da ba su da isassun kayan gwaji ke aika samfuri can.

Annobar Italiya

Tsakanin 1999 da 2000 murar tsuntsaye nau'in H7N1 ta afka wa gonakin kaji da talotalo a arewacin Italiya. Da farko ƙwayar ba ta da zafi sosai, amma a ƙarshen 1999 ta rikiɗe ta zama mai saurin kisa. Tsuntsaye fiye da miliyan 13 ne suka mutu ko kuma aka hallaka su.

A wancan lokaci hukumomi na ɗari-ɗari da yi wa kaji rigakafi, domin gwajin jini ba ya iya bambance kazar da aka yi wa allura da wadda ta kamu da cutar. Ƙasar da ta yi rigakafi kuwa tana iya rasa kasuwarta a ƙetare.

Dokta Capua da abokan aikinta sun samo mafita daga ƙirar ƙwayar cutar kanta. A jikin kowace ƙwayar mura akwai sinadarai biyu da ake yi wa laƙabi da H da N, kuma daga lambobinsu ake raɗa wa kowane nau'i suna.

Sai suka yi amfani da allurar da aka haɗa daga nau'in H7N3. Da yake H7 ɗaya ne, allurar tana ba da kariya. Idan kuma gwaji ya nuna alamar N1 a jinin kaza, to an san ta haɗu da cutar ta gaske. Wannan dabara, wadda aka fi sani da DIVA, ta samu amincewar Tarayyar Turai, kuma an fara aiki da ita a Italiya a ƙarshen shekarar 2000.

Samfurin Najeriya

Bayan da ɗakin bincikenta ya gano tsarin halittar ƙwayar da aka samu a Kaduna, an nemi ta ajiye bayanan a wani rumbun kwamfuta da ke Los Alamos a Amurka, wanda 'yan ɗakunan bincike ƙalilan ne kawai ke da izinin shiga.

Ta ƙi amincewa. A maimakon haka ta sanya bayanan a rumbun GenBank, inda kowane mai bincike zai iya duba su kyauta ta intanet, ta kuma yi kira ga sauran masana da su bi sahu.

Hujjarta ita ce, ta hanyar kwatanta tsarin halittar ƙwayoyin da aka samu a wurare dabam-dabam ne ake gane inda cuta ta fito, da hanyar da take bi, da kuma ko tana sauyawa ta yadda za ta iya yaɗuwa tsakanin mutane. Ɓoye bayanan har sai an wallafa maƙala na iya jawo jinkirin watanni.

Cutar kuwa ba ta jira ba. Kafin ƙarshen Fabrairun 2006 an tabbatar da ita a Masar da kuma Magarya a Jamhuriyar Nijar, sannan a watan Maris a Kamaru. A farkon 2007 Najeriya ta tabbatar da mutuwar wata mata a Legas sakamakon cutar.

Muhawarar da ta biyo baya ta taimaka wajen kafa shirin GISAID na musayar bayanan mura, wanda ya fara aiki a 2008. Wannan rumbu ne masana suka dogara da shi sosai wajen bibiyar sauye-sauyen ƙwayar korona daga shekarar 2020.

Sai dai ƙasashe matalauta sun ɗora wata ayar tambaya. A 2007 Indonesiya ta dakatar da ba da samfurin H5N1, tana mai ƙorafin cewa kamfanoni na yin alluran da talakawanta ba za su iya saya ba. A 2011 ne ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka cimma yarjejeniyar raba amfanin da ake samu daga irin wannan samfuri.

Siyasa da shari'a

A 2013 an zaɓi Dokta Capua 'yar majalisar dokokin Italiya a ƙarƙashin jam'iyyar tsohon Firayim Minista Mario Monti.

Shekara guda bayan haka, mujallar L'Espresso ta bayyana cewa ana bincikenta bisa zargin fataucin ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yulin 2016 wani alƙali a birnin Verona ya wanke ta, ya kuma ce babu dalilin gurfanar da ita.

A cikin wannan shekarar ta ajiye kujerarta a majalisa, ta koma Jami'ar Florida a Amurka, inda ta jagoranci wata cibiya mai nazarin alaƙar lafiyar mutane da ta dabbobi da ta muhalli.

Ƙwayar H5N1 ta ci gaba da sauya salo. A watan Maris na 2024 an gano ta a jikin shanun madara a Amurka, kuma a nan ma masana sun yi ta kiran hukumomi da su gaggauta fitar da bayanan tsarin halittarta a fili.